Abin da Muka Koyo a Maraɗi, Ni da Haruna

Mun wuce Sabon Birni da 'yar tazara sai ɗan kabu-kabun ya kashe babur. Ya sauke ƙafafunsa ƙasa ya karkata kunne wajen daji, ni ma na yi tsit a bayansa, na rungume jakata. Can nesa ana jin ƙugin babura, kuma ba ɗaya ba ne ko biyu. Gero ya yi tsawo ya rufe mu ta ko'ina, ba ma ganin kowa, ba mu kuma san ko wani yana ganinmu ba. Sai da ƙugin ya yi gabas ya ɓace sannan ya tura babur ɗin da ƙafa har muka yi nisa, ya tayar.

Ya ce, "Malam, in munka isa iyaka kak ka ce kai malamin boko ne. Ka ce ganin dangi za ka."

Na ce, "Don mi?"

Ya ce, "Don ba ka san wa ka saurare ba."

Sunana Sa'idu. Ƙauyenmu yana kusa da Tozai, a ƙasar Isa. Mahaifina malamin zaure ne, a hannunsa na sauke Alƙur'ani kafin in shiga boko har in kai kwalejin horon malamai. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, har lokacin da ɓarayin daji suka hana kowa sakat, iyaye suka daina turo yara, aka sa wa makarantar kwaɗo. Matata da yarana na kai su cikin garin Isa wajen iyayenta. Inna, mahaifiyata, ta ƙi tashi, ta ce ba za ta bar gonarta da kabarin mijinta ba. Ina wannan zaman kashe wando sai labari ya zo cewa a ƙetaren iyaka wata ƙungiyar agaji tana neman malamanmu, su koyar da 'ya'yan mutanenmu da suka yi gudun hijira. Abin da ya ɗora ni kan babur ɗin ke nan.

A ƙauyen farko na ɓangaren Nijar, wajen shingen jandarma, na haɗu da Bawa. Gajere ne mai fara'a, farin kaftani tas, waya biyu a hannu, yana ƙamshin turare. Jandarman yana juya katin shaidata yana mani tambaya da Faransanci, ni ko kalma ba na ji, sai Bawa ya matso ya yi masa magana, suka yi dariya, aka miƙo mani katin.

Muna barin wurin ya ce, "Malamin makaranta ne kai."

Na ce ganin dangi na zo.

Ya yi dariya. "Haba Malam. Malamin makaranta ko kasuwa za shi, tahiyar mai shiga aji yake yi. Kak ka ji tsoro, aikina ke nan, ni ka kai malamai ohishin. Ga ma wani can shina jira."

Wanda yake jiran shi ne Malam Haruna, daga wajen Bafarawa. Dogo ne siriri, malamin lissafi, ba shi da yawan magana. Abin da na fara lura da shi, ba ya ɗaukar lokaci bai zaro wayarsa ya duba ba, ko da ba ta yi ƙara ba.

Bawa ya saya mana shinkafa da wake, ya biya mana mota. Muna cikin ci ya ce gobe ake rufe ɗaukar suna, motar kuwa ba ta tashi sai ta cika. Mu ba shi takardun shaidarmu na malanta, na ainihi, ya yi gaba da babur ya sa mu a layi, mu same shi a Gidan Rumji. Na ɗan yi jim. Amma mutumin da ya fid da kai hannun jandarma, ya ciyar da kai, bai nemi ko sisinka ba, ta ina za ka fara zarginsa? Na buɗe jaka na ba shi. Haruna ma ya bayar.

A Gidan Rumji muka sami ofishin, amma ba mu sami Bawa ba. Akawun ya ce bai taɓa jin sunan ba, ba su da ɗan kamasho, kuma ba a rufe komai gobe. Ya ce ba takarda, ba aiki. Muka kira lambar da Bawa ya ba mu, a kashe.

Kwanakin da suka biyo baya ban cika son tuna su ba. Muna kwana a barandar wani masallaci, da rana mu zauna gindin bedi a ƙofar ofishin tare da mutanenmu masu jiran rabon abinci. Mutanen da na sani da rumbu da shanun huɗa, ga su riƙe da kati suna bin layi. Abin da ya fi damuna shi ne ban gane cutar da aka yi mana ba. Da kuɗi ya karɓe da na san ɓarawo ne. Me mutum zai yi da takardar da ke ɗauke da sunan wani da hotonsa?

Wata rana da hantsi wata mata ta tsaya a kaina tana kallona, can ta ce, "Ba Malam Sa'idu ba ne?" Ashe uwar wata yarinya ce da na koyar. Ban ma tuna yarinyar sosai ba. Ta tafi ta dawo da kwanon tuwon masara da miyar kuka, daga ɗan abin da aka raba masu, ta ajiye a gabanmu ta juya da sauri don kada mu ce a'a. Na kai loma ta farko baki sai na tuna tuwon Inna.

Madam Rakiya ce ta fid da mu. Sufeton makarantu ce da aka ɗora wa horar da sababbin malamai, Bagobirar Tsibiri, ta manyanta, da tabarau rataye a wuya. Ta gan mu yau, ta gan mu gobe, ran nan ta tsaya ta tambayi abin da muke jira. Muka yi mata bayani. Sai ta sa aka tattaro yaran da ke wasa wajen layin, ta zaro alli daga jakarta ta miƙo mani, ta nuna ƙyauren ƙarfen ofishin.

Ta ce, "Ga allo, ga ɗiya. In gani."

Na koyar da su baƙaƙe uku da waƙa. Haruna ya koyar da tarawa da tsakuwa. Ba ta ce mun yi ƙoƙari ba. Ta dai shiga ta yi magana da akawun, ta fito ta ce mu shirya, jibi mota za ta kai mu Maraɗi.

A Maraɗi aka sauke mu a wata makaranta da ke hutu. Aji ɗaya na karatu, ɗaya na kwana, tabarmi a ƙasa. Akwai mu 'yan Najeriya, akwai malaman Nijar da za mu yi aiki tare. Ranar farko wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Mushe, ina kwana?" Na ɗaure fuska, don a wajenmu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce. Sai daga baya na gane haka suke kiran malamin makaranta. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma sunan bai taɓa kwanta mani ba.

Aikin da aka tara mu dominsa shi ne tsara abin da za a koya wa yaran, don wasu sun yi shekaru ba aji, wasu ba su taɓa shiga ba. Madam Rakiya ta ce kafin mu taɓa wannan sai mun iya rubuta manufar darasi, wato abin da yaro zai iya yi in an tashi wanda bai iya ba da aka zauna. Ta ce kowa ya rubuta guda. Na rubuta da ƙwarin gwiwa cewa yara za su san muhimmancin ruwa mai tsabta. Ta ɗaga takardata ta karanta a gaban kowa.

Ta ce, "Mushe Sa'idu, za su sani. To, yaya za ka gane sun sani? Buɗe kansu za ka yi ka leƙa?"

Daga ranar ta hana mu rubuta "ya sani" ko "ya gane". Sai aikin da ido zai gani ko kunne ya ji: ya faɗa, ya bayyana, ya nuna, ya raba, ya zaɓa.

Washegari ta zo da ƙore shida ta jera a ƙasa, daga bakin ƙofa zuwa gindin allo. Ta ce ilimin da ke shiga kai hawa shida ne, kamar matakala, kuma ta yi mana misali da rijiya. Hawa na farko tunawa: yaro ya faɗi cututtukan da ruwa mai datti ke kawowa. Na biyu fahimta: ya bayyana da bakinsa, ba da kalmomin malam ba, yadda datti ke shiga rijiya. Na uku aiki da abin: a ba shi ruwa da ƙyalle da tukunya ya tace ya tafasa. Na huɗu warwarewa: a kai shi bakin rijiyar da ta ɓaci ya rarrabe dalilan, wanne daga masai, wanne daga guga, wanne daga dabbobi. Na biyar hukunci: ga rijiya biyu, ya zaɓi wadda za a sha ya kawo hujjarsa. Na shida ƙirƙira: ya fito da dabarar kare rijiyar unguwarsu wadda ba wanda ya gaya masa. Sai ta raba mana guntayen takardu, kowace da manufa ɗaya, mu tashi mu jefa a ƙwaryar da ta dace.

Nan aka yi ta gardama. Wani ya jefa "ya lissafa lardunan ƙasa" a ƙwarya ta huɗu don ya ga abin da yawa, ta mayar da ita ta farko, ta ce yawan abu ba zurfi ba ne. Ni kuwa na san hawan nan shida tun kwaleji, na haddace su na ci jarrabawa, amma ban taɓa shiga aji da su ba. Da ta ce mu tuno tambayoyin da muka saba yi wa yara mu jefa, ƙwaryar farko ta cika har tana zuba, ta ƙarshe ko guda babu. Abin ya tuna mani mahaifina. Shi in almajiri ya kawo haddar babin alwala sai ya ce fassara, in ya fassara ya ce tashi ga buta yi in gani, in ya yi sai ya jefo masa matsala: ga mai rauni a hannu, ga ruwa kaɗan, yaya zai yi? Bai san ƙore shida ba, amma hawa yake da mutum.

Ta ce mana kuma ba kai kaɗai ake koyarwa ba. Akwai na hannu, kamar riƙon fensir da ɗinki, akwai na zuciya, wato abin da yaro ya ɗauka da daraja. Haruna da bai cika magana ba ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Madam, na zuciya hwa? Da mi za a auna shi?"

Ta cire tabarau. Ta ce, "Shi ya hi wuya. Ba ka ganin shi ranar jarrabawa. Sai ranar da yaro ya samu zaɓi, ba kowa bisa kanshi, sannan ka gani."

Mun shiga mako na uku, na fara jin daɗin karatun har ina mantawa da takardata, sai Bawa ya dawo. Bayan la'asar ne, ni da Haruna muna zaune wajen mai shayin ƙofar makaranta. Ƙamshin turarensa na fara ji. Ya zauna tsakaninmu a benci kamar jiya muka rabu, ya ce a ƙara mana madara, ya ajiye wata ambulan ruwan ƙasa a cinyarsa ya ɗora hannu a kai.

Na ce, "Bawa, ka ji tsoron Allah. Ina takardunmu?"

Ya ce, "Ga su, ko lanƙwasa ba su yi ba. Kai su na yi a gani, don maigida ba ya son malamin ƙarya. Ya sa an karanta mai, ya yaba."

Na ce, "Wane maigida?"

Ya ɗaga haɓa ya nuna kudu, wajen gida, wajen daji. Nan na gane shugaban ɓarayin daji yake nufi.

Ya yi ƙasa da murya, amma fara'ar tana nan. Ya ce maigida yana da 'ya'ya da yawa, yaransa ma suna da nasu, duk sun tashi ba karatu. Ya gaji da neman mai karanta masa saƙon waya da takardar magani. Yana son malamai biyu, ɗaya na karatu ɗaya na lissafi. Za a ba mu ɗaki, za a ba mu nama, ba mai taɓa mu.

Ya ce, "Kuma ba hadda yake so ba, irin ta aku. An ce ana koya maku wani abu mai hawa shida. To, shi har sama yake son a kai su."

Ban san wa ya gaya masa abin da ake yi a cikin ajinmu ba. Har yau ban sani ba. Na tuno fuskokin da muke kwana ɗaki ɗaya da su, na rasa wadda za ni tsaya a kanta.

Na ce ni ba za ni iya ba. Ya gyaɗa kai kamar ya san haka za ni ce.

Ya ce, "Ba gaggawa, ka yi tunani zuwa Juma'a. Au, Inna na gaishe ka. Geronta ya yi kyau bana, balle na bayan rijiya. Tsohuwa ita kaɗai cikin gida, sai a hankali." Ya juya wajen Haruna. "Lawali ma lahiya lau, ya ɗan rame dai. Ranar da ka isa, ranar za ya kwana gida."

Ya biya kuɗin shayin, ya ɗauki ambulan ɗinsa ya tafi.

A nan na san abin da Haruna yake dubawa a waya. Lawali ƙanensa ne, an ɗauke shi a gona tun farkon damina. Sun sayar da abin da za su iya sayarwa sun kai, aka karɓa, ba a sake shi ba. Ya fito neman aikin nan ne don ya sami abin ƙarawa. Ya ce yanzu ya gane tun daga gida ake bin sa, ni kuwa tsintata aka yi a hanya.

Na ce, "Malam Haruna, in ka shiga ba su barin ka ka hito."

Ya ce, "Na sani. Amma ni da takarda na zo duniya? Uwarmu ba ta ci ba ta sha tun ranar da anka ɗauke shi. Shina da mata, ga jinjiri. Mi za ni ce masu, na samu hanya na ƙi?"

Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa sai Lawali ya fito, don in jandarma suka kama Bawa, gawa za a aiko masu.

Na koma bayan ajin na kira wayar maƙwabcinmu, na ce a kai wa Inna. Na gaya mata komai, ban rage ba. Na ce ta tashi ta koma Isa. Ta ce gero ya kusa yanka, wa za ta bar wa? Na ce in ba ta tashi ba, to ba ni da zaɓi, za ni tafi daji in koyar da 'ya'yansu.

Sai ta ce, "Ubanka ya karantar da ɗiyan kowa, Sa'idu. Bai taɓa tambayar ɗan wane ne ba."

Maganar ta buge ni, don gaskiya ce, kuma yaran can ba su suka zaɓi iyayensu ba. Na ce, "Inna, shi kawo mai su akai har zaure, in an tashi ya shiga gida ya kwana. Ni in na tahi, ba ki ƙara ganina."

Ta ce, "To, na ji."

Ranar kasuwa ta ɗauki kwandonta kamar mai zuwa sayen gishiri, ta bar ƙofa a buɗe, kaji suna kiwo a tsakar gida, ta hau babur ɗin ɗan maƙwabci. Sai da surukina ya kira ya ce ga ta zaune a gidansa sannan na iya cin abinci.

Ranar Juma'a da safe Haruna ya naɗe tabarmarsa. Ya ba ni lambar matarsa, ya ce in riƙa jin lafiyarsu. Ban iya riƙe maganar ba, na je na gaya wa Madam Rakiya, na roƙe ta ta yi shiru na 'yan kwanaki. Ta same shi a baranda. Ban ji duk abin da suka ce ba, na dai ga tana magana da hannu biyu, shi kansa a ƙasa. Da ta ga ba zai juya ba sai ta shiga ɗakin ajiya ta fito da kwalin alli da littattafan koyon karatu ta sa masa a jaka. Muka raka shi da ido har ya sha kwana. Ni ban fita ƙofar makarantar ba sai ranar da aka gama horon.

Lawali ya dawo gida, wannan kam sun cika alkawari. Bayan nan Madam ta kai maganar Bawa inda ya kamata, amma ba a ƙara ganinsa a Maraɗi ba. Takardata ta tafi ke nan. Geron Inna kuwa wasu suka yanke, aka cinna wa rumbunmu wuta. Maƙwabcin da ya ba ni labari ya ce gidanmu kaɗai aka taɓa a ranar.

Aka tura ni wani ƙauye nesa da iyaka inda aka zaunar da mutanenmu. Ajin rumfar zana ce, yara sun fi ƙarfin tabarmi. Na yi ta aiki da abin da na koyo. In na rubuta manufa sai in tambayi kaina wace ƙwarya ce wannan, in na ga na daɗe a ta farko sai in matsa. Yaran da suka zo ba sa ɗaga ido suka fara gardama da ni a kan wace rijiya ta fi. In babur ya wuce da ƙarfi dai har yanzu ajin kan yi tsit, wasu su kife a kan tabarma.

Wata rana da rani, ana hutun tara, yara suna waje, wata baƙuwar lamba ta kira ni.

"Mushe Sa'idu."

Na gane muryar nan take, duk da ta dushe. Na ce, "Malam Haruna! Kana ina? Kana lahiya?"

Ya ce yana nan inda na sani. Wayar wani ya ara, ba zai daɗe ba. Ya tambayi matarsa da yaransa, na ce suna lafiya. Ya ce ba a dukansa, ana ba shi abinci, ajinsa gindin wata tsamiya ne. Yaran suna da kai ƙwarai, wasu da bindiga suke zuwa su jingine ta su ɗauki alli. Sun iya karatu, sun iya lissafi.

Ya ce, "Na bi yadda Madam ta koya muna, hawa-hawa. Da na tsaya ga hadda da lahiya lau. Amma ka san in yaro ya hwara tambaya, ba ka iya ce mai ya bari."

Na ce, "Mi ya hwaru?"

Ya ce, "Babban ɗan maigida. Shekaranjiya muna darasin gona, ina ba su misali su zaɓa su kawo hujja, sai ya ce, Malam, wanda ya noma da wanda ya zo ya kwashe, wa ad da gaskiya? Na ce mai kai mi ka gani, kawo hujjarka."

"Sai ya ce mi?"

"Ya kawo ta. Tsab, ba inda za ka gyara. Kuma jiya ya maimaita ta gaban ubanshi, gaban mutane."

Ina jin iska a cikin wayar, da kukan awaki, da wani yana dariya can nesa.

Ya ce, "An ce maigida na nemana bayan azahar. Wataƙila ba komai. Na dai ce in ji muryar wani na gida. Amanar ɗiyana, Sa'idu."

Na fara cewa ya gudu, ya shiga daji ko ta ina, sai na ji wata murya kusa da shi tana cewa a kawo wayar. Layin ya yanke. Na kira, na sake kira, ba ta shiga. Yara suka dawo daga tara suka zauna suna kallona, ni ina tsaye da alli a hannu, har wata yarinya ta ce, "Malam, ba ka da lahiya?" Na ce su buɗe littafi.

Lambar ba ta ƙara shiga ba. Na tambayi duk wanda ya fito daga wannan dajin, wani ya ce ya ga wani dogon malami, wani ya ce bai gani ba. Matarsa takan kira ni ranar Juma'a ta ce ko na ji wani abu. Nakan gaya mata ya kira sau ɗaya, ya ce ba a dukansa, ana ba shi abinci, ya tambayi yara. Maganar bayan azahar ɗin ban gaya mata ba.